BABI NA HUƊU: WAYAR HANNU DA AIKIN MARUBUCI: TARKEN ZUBI DA JIGON ƘAGAGGUN LABARAN INTANET

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ƙagaggun labaran Hausa tun daga gasar 1933 har zuwa bayyanar labaran da ake rubutawa a wayar hannu, ana rarraba su ta WhatsApp da Facebook da Wattpad. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin tarken waɗannan labarai ta la'akari da yanayin da ake samar da su. Dalilin bin wannan hanya shi ne, yawancin masu sukar labaran intanet sukan tsaya a kan aibobin da ke fili, wato karya ƙa'idojin rubutu da jan labari da sakin baki, sa'annan su ɗora laifin duka a kan rashin ƙwarewar marubuta. Wannan nazari yana ganin akwai abin da ya riga wannan. Waya ta kawar da tazarar da ke tsakanin marubuci da mai karatu, ta kuma kawar da wadda ke tsakanin lokacin aiki da lokacin iyali. Rashin wannan tazara shi ya jefa marubutan cikin matsi, kuma sawun matsin yana nan a jikin labaransu. An ɗauki birnin Katsina a matsayin farfajiyar nazari. Da yake mata su suka fi yawa a wannan fage, za a riƙa amfani da kalmar marubuciya.

4.1 Tazarar Marubuci da Mai Karatu a Da

Birnin Katsina yana da babban rabo a kafuwar ƙagaggen labari na Hausa. Lokacin da Dokta Rupert East ya shirya gasar 1933, Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma a nan ya rubuta Ruwan Bagaja. Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, mawallafin Shaihu Umar, a Kwalejin Katsina ya yi karatu. Abin lura a nan shi ne hanyar da rubutun ya bi. Marubuci yakan kammala labarinsa tukuna, ya aika da shi Zariya, edita ya duba ya gyara, a buga, sa'annan ya isa hannun mai karatu bayan watanni. Ko Magana Jari Ce, sai da aka ɗauke Imam daga aji a 1936 aka kai shi Zariya domin ya sami sukunin rubuta shi. Ke nan tun a wancan lokaci an fahimci cewa rubutu aiki ne mai bukatar wuri da lokaci nasa na kansa.

A zamanin adabin kasuwar Kano, wato daga tsakiyar shekarun 1980, tazarar ta ragu. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa su suke ɗaukar nauyin buga littattafansu, kuma da yawan littattafan wannan zamani kashi-kashi suke fitowa, cinikin na ɗaya ya taimaka wajen buga na biyu. Duk da haka, tsakanin kashi da kashi akwai makonni ko watanni. Mai karatu a Katsina da ya sayi littafi a kasuwa, ko ya ɗauko haya a shagon unguwa, in yana da ƙorafi sai dai ya rubuta wasiƙa ya jira. Kafin wasiƙar ta isa, marubuciya ta riga ta yanke shawarar inda labarinta zai dosa.

4.2 Yanayin Aikin Marubuciyar Intanet

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, daga baya wayoyi masu intanet suka yawaita. Tsadar takarda da komawar masu karatu ga waya suka durƙusar da kasuwar bugaggun littattafai, marubuta suka bi masu karatunsu zuwa inda suka koma. Wannan sauyi ya zo da alheri da ba za a musa ba. Matar da ke cikin gida a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa tana iya rubuta labari ta sayar ba tare da jarin buga littafi ba, ba tare da zuwa Kano neman maɗaba'a ko dillali ba. Labarinta yana isa Maraɗi da Yamai da Kumasi da Jidda a daren da ta sake shi.

Tsarin cinikin kuwa ga yadda yake. Marubuciya takan saki wasu shafuka kyauta domin jan hankali. Idan labari ya kai inda ya fi daɗi sai ta sanar cewa shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ya tura 'yan ɗaruruwan naira ta banki ko katin waya, ya aika da shaidar biya, sa'annan a sa shi a zauren waɗanda suka biya. Sau da yawa akan ware wata lamba ta daban domin mutanen Nijar. Daga wannan rana marubuciya ta ci bashi, domin ta karɓi kuɗin labarin da ba ta gama rubutawa ba, kuma masu bin ta bashin suna da lambarta.

Idan aka dubi ayyukan da ke kanta za a ga sun wuce ƙaga labari. Ita ce mai buga rubutu da 'yan yatsu a kan ƙaramin allo, ita ce mai talla, ita ce akawun da ke tantance wanda ya biya, ita ce kuma mai sasanta rigimar zaure. Kafin 2022 zaure ɗaya na WhatsApp ba ya ɗaukar fiye da mutum 256, saboda haka mai farin jini dole ta riƙe zauruka da yawa a lokaci guda. Ga rashin tsayayyar wutar lantarki da ke sa a aika da waya shagon caji, ga kuɗin data, wanda ya ƙaru bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Har ila yau, aikin yana rataye ne a kan abubuwan da ba su hannunta. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Dutsin-ma da Malumfashi da Funtuwa. Birnin Katsina bai shiga ciki ba, amma duk mai karatun da ke waɗannan garuruwa ya yanke daga zauren da ya biya kuɗinsa. Haka kuma manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa suka yi amfani da ita wajen sayar da littattafai, ta rufe a 2023.

Alal misali, a ɗauki malamar firamare mai aure da 'ya'ya wadda ta yi alkawarin shafi biyu kullum. Da safe tana aji, da rana tana girki, da yamma tana hidimar yara. Lokacin da ya rage mata shi ne bayan sallar isha'i, wato lokacin barcinta da na hira da maigida. Wanda ke aikin ofis yana da lokacin tashi, ɗan kasuwa yana da lokacin rufe shago. Ita kuwa shagonta yana ƙarƙashin matashin kanta.

4.3 Sawun Matsi a Zubi da Tsari

Zubi da tsari na nufin yadda marubuci ya ƙulla labarinsa, ya jera aukuwar abubuwa tun daga farko har ƙarshe. A nan ne yanayin aikin da aka bayyana a sama ya fi nuna kansa, ta fuskoki uku.

4.3.1 Jan Labari

A bugaggen littafi, babi yakan ƙare ne inda wani al'amari ya kammala. A labarin intanet kuwa shafi yakan ƙare inda zai hana mai karatu barci: an buɗo ƙofa ba a faɗi wanda ya shigo ba, ko likita ya fito yana girgiza kai. Wannan dabara ba aibi ba ce a kan kanta. Mai tatsuniya ma yana amfani da ita, haka aku ya yi ta riƙe ɗan sarki da labari a Magana Jari Ce. Matsalar ita ce yawanta. Idan kowace rana sai an samar da abin faɗuwar gaba, to dole a ƙirƙiro hatsarin mota da suma da makirci fiye da yadda jigon ke bukata. Sakamakon haka sai labarin da shafi 40 zai wadatar ya kai 100, tsakiyarsa ta cika da bayanin sutura da girki da kayan ɗaki, waɗanda ba su ciyar da labari gaba. Mai tarke zai iya gane ranar da marubuciya ta gaji, domin a ranar shafin yakan zama hira ce kawai tsakanin taurari a kan abin da mai karatu ya riga ya sani.

Fitar da labari kashi-kashi ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, Charles Dickens ya fitar da littafinsa na farko na ƙagaggen labari wata-wata daga 1836 zuwa 1837. Bambancin shi ne yana da wata guda tsakanin kashi da kashi, yana kuma da maɗaba'a a tsakaninsa da jama'a. Marubuciyar intanet kwana ɗaya take da shi.

4.3.2 Sa Bakin Masu Karatu a Halayen Taurari

Da zarar an saki shafi, sharhi yakan biyo baya cikin mintoci. Masu karatu sukan rabu gida biyu, wasu na bayan uwargida wasu na bayan amarya, kowane ɓangare yana neman a ba tasa nasara. Wasu marubutan har sukan sharɗanta cewa in babu sharhi babu ci gaba. Illar wannan ga adabi ita ce, tauraro yakan canza hali ba tare da dalili daga cikin labarin ba. Mugun miji da aka shafe shafi 50 ana gina muguntarsa sai ya tuba a dare ɗaya, domin masu karatu sun kamu da son sa. Tauraruwar da jigo ya nuna mutuwa ce makomarta sai ta farfaɗo a asibiti. Ɗan'adam yana canzawa, kuma adabi yana da damar nuna haka, amma wajibi ne canjin ya tsiro daga abin da ya faru da tauraron. Idan daga zauren sharhi ya tsiro, to warwarar jigo ta sami tangarɗa.

Bugu da ƙari, shafin da aka riga aka saki ba ya gyaruwa. Mai rubutu a takarda idan ya kai babi na 10 ya gano babi na 2 bai dace ba, zai koma ya sake shi. Marubuciyar intanet ba ta da wannan dama, sai dai ta yi faci a gaba. Wannan ne ya sa ake yawan cin karo da tsohon sirri da ya ɓullo a makare, ko wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba, domin a toshe ɓarakar da aka bari a baya.

4.3.3 Harshe da Ƙa'idojin Rubutu

An yi tarurruka domin daidaita rubutun Hausa, kamar na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Labaran intanet da dama ba su bin abin da aka tsayar. Akan bar haruffa masu lanƙwasa, a haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a taƙaita wasu ta hanyar cire wasula, har a sa harafin x a gurbin z. Akan kuma cusa Ingilishi a maganar taurari domin nuna wayewa. Wani ɓangare na wannan rashin sani ne, amma wani ɓangaren na gaggawa ne, domin mai bugawa da babban yatsa da tsakar dare tana neman gajeriyar hanya, kuma babu ido na biyu da zai duba kafin a saki. A gefe guda, wajibi ne a yaba wa waɗannan labarai ta fuskar hira. Maganar mata a tsakar gida, da habaici da zambo da gatse irin na yau, sun fi fitowa da rai a nan fiye da a littattafai da yawa da aka tace.

4.4 Waya a Matsayin Tubalin Ginin Jigo

A littattafan soyayya na shekarun 1990, wasiƙa ce babbar hanyar sadarwa tsakanin masoya. Wasiƙa tana bukatar ɗan aike, tana iya makara, tana iya faɗawa hannun uba ko yaya. Wannan jinkiri shi ke haifar da zulumi da begen da labarin ke rayuwa a kansu. Da waya ta shigo, jinkiri ya kau, sai marubuta suka shiga neman hanyar maido da shi. Shi ya sa a labaran intanet waya take yawan faɗawa ruwa, ko a sace ta, ko iyaye su ƙwace, ko tauraruwa ta karya layinta cikin fushi. Wato marubuciya ta san cewa labari ba ya ginuwa sai da tazara, har tana ƙirƙira wa taurarinta ita, alhali ita kanta ba ta da ita.

Ta fuskar zaman aure, waya ta karɓi aikin da a da ake ba tsohuwa mai kai gulma ko boka. Ta cikinta asiri ke tonuwa: matar da ta ɗauki wayar miji yana wanka ta ga saƙo, ko hoton da aka tura wa wanda bai kamata ba. Lambar sirrin buɗe waya ta zama ma'aunin amana tsakanin ma'aurata. Akwai kuma hoton magidancin da ya dawo daga aiki amma aikin ya biyo shi, yana cin abinci yana amsa kira, matarsa na zaune tana jiran ya ɗago kai. A nan labaran sun taɓo gaskiyar rayuwa, domin ma'aikacin banki ko na asibiti ko ɗan kasuwa a Katsina ya san yadda saƙon shugaba ko na abokin ciniki ke iske shi a kan tabarmar cin tuwo.

Sai dai a ra'ayin wannan nazari, yawancin labaran ba su zurfafa a wannan jigo ba. Sukan ɗauki waya a matsayin makamin mugu kawai, da an kama mugun sai zaman lafiya ya dawo. Ba kasafai ake samun labarin da ya nuna gidan da babu mugu a cikinsa, babu cin amana, amma hira ta mutu saboda kowa ya sunkuya a kan tasa wayar ba. Dalili kuwa a fili yake: irin wannan labari a hankali yake tafiya, ba shi da abin faɗuwar gaba na kullum, don haka bai dace da kasuwar shafi-shafi ba. Ke nan yanayin aikin ya iyakance har irin gaskiyar da marubuciya za ta iya faɗa game da wayar.

4.5 Dangantakar Marubuciya da Jama'arta

Kusancin marubuciya da masu karatu yana da daɗinsa. Zauruka sukan zama wurin zumunci, a yi wa juna barka da jaje, a haɗa gudummawar biki. Ga matar da ba ta cika fita ba, wannan abokan hira ne. Amma ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Mai karatun da ta biya kuɗi takan ɗauki marubuciya tamkar 'yar aikinta. Wannan ya sa saman shafuka ya cika da ban haƙuri: rashin lafiyar yaro, ko baƙi, ko rasuwa, ko rashin caji. Waɗannan 'yan bayanai, waɗanda ba su cikin labarin, su ne babbar shaidar matsin da ake ciki, domin marubuciya ta kai ga sai ta ba da hanzari kafin ta yi jinyar ɗanta.

Wata matsalar ita ce ta fitar da littafi. Mutum ɗaya cikin waɗanda suka biya ya isa ya kwafe shafi ya watsa a zaurukan kyauta, wasu kuma su karanta labarin a YouTube ba da izini ba. Nijeriya ta sami sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma marubuciyar da ke sayar da littafi a 'yan ɗaruruwan naira ba ta da halin bin shari'a. Abin da ya rage mata shi ne gargaɗi da Allah ya isa a saman kowane shafi. Ta haka zargi ke shiga tsakaninta da mutanen da ta kira masoyanta.

Wannan hali bai keɓanta ga marubutan Hausa ba. A 2017 dokar da ta ba ma'aikata damar ƙin kula saƙonnin aiki bayan tashi ta fara aiki a Faransa, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar da matsin aiki ke jawowa a matsayin matsala mai nasaba da sana'a. Sai dai irin wannan kariya ta mai uban gida ce. Marubuciyar intanet ita ce ma'aikaciya ita ce kuma shugabar kanta, don haka babu mai sa mata iyaka in ba ita ba.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa jan labari, da sauyin halin taurari ba dalili, da raunin ƙa'idojin rubutu, suna da alaƙa ta kai tsaye da yanayin aikin da waya ta samar. An kuma nuna cewa labaran sun kawo waya cikin jigoginsu, amma ba su kai ga zurfin illarta ga zaman iyali ba. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata tana ƙarfafa wannan ra'ayi, domin a can ana iyakance yawan kalmomi, ana ba da wa'adi, labari ba ya fita sai ya kammala alƙalai sun duba, kuma labaran da ke fitowa sukan zo a ɗaure. Bisa ga haka, nazarin yana ba da shawarar marubuciya ta kammala labari, ko aƙalla ta tsara shi har ƙarshe, kafin ta karɓi kuɗin kowa. Ta tsayar da ranakun sakin shafi da lokacin rufe waya. Ƙungiyoyin marubuta su samar da masu duba rubutu. Sassan nazarin harsunan Nijeriya, irin na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, suna iya shirya wa marubutan bita a kan ƙa'idojin rubutu da tsara labari. A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da kammalawar aikin baki ɗaya.